Rahoton Ayyukan Shekarar 2025 Ga 'Yan Ƙungiyarmu Ta Masu Katako, Itace Da Gawayi A Zariya

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu dattawan ƙungiya, mai girma shugaba, alhazai da malamai, ƙannenmu da yaran shago, barkanmu da ganin ƙarshen wannan shekara, Allah ya maimaita mana cikin lafiya. Kamar yadda aka saba sakatare ne ke rubuta abin da akai a shekara, toh gashi na rubuta, kuma na san da tsawo, wanda karatu a waya ke ba shi wahala dan Allah ya miƙa ma yaronsa ya karanta masa kafin ranar taro, kar azo ana cewa ba a ji ba. Lissafin kuɗi baya cikin nan, wannan na ma'aji ne shi zai karanto da bakinsa gaban kowa da rasit ɗinsa a hannu. Abin da zan ce kawai kuɗin wata-wata bai shigo yadda ya kamata ba musamman daga tsakiyar damina zuwa kaka, waɗanda ake bi kuma sun san kansu, ba sai na kira suna ba.

Mun yi rashin wasu daga cikinmu da iyayen wasu, ƙungiya ta je gaisuwa duk inda aka sanar da mu, Allah ya jiƙansu ya sa Aljanna makoma. Yaron nan da injin tsaga ya taɓa ma yatsu a Sabon Gari an taimaka da abin da ya sawwaƙa na asibiti, yanzu ya koma aiki, amma ina ƙara roƙon masu injina, yaro sabon zuwa kar a barshi shi kaɗai a bakin zarto ko da kuwa oga zai je sallah ne ya dawo. Taron wata munyi shi duka in banda na cikin azumi da wani guda da ruwa ya hana.

Maganar gobara kuwa Alhamdulillah bana Allah ya tsare. An zaga rumfuna an duba wayoyin wuta, an sa masu tara dusar katako a bayan shago su kwashe, abin ma yanzu kuɗi ne tunda masu kiwon kaji na zuwa da buhu su saya su shimfiɗa ma kajinsu. Tukunyar kashe gobara dai har yau ba kowane layi ke da ita ba, ga hunturu ya shigo, na faɗa na fita. Kuɗaɗen da ake karɓa a hanya daga kudu zuwa nan kuma, shinge bayan shinge, kowa da irin tikitinsa, kwamiti ya zauna da waɗanda ya kamata, an ɗan samu sauƙi na wasu makonni sai abin ya koma kamar da. Za a ci gaba da bi.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi cin lokacinmu bana, kuma shi ya fi kawo gardama.

Abin ya faro ne a taron da mukai bayan ƙaramar sallah, lokacin ana tsananin zafi. Kafintoci suka kawo ƙorafi cewa malainar da ake sayar masu ɗanya ce shataf, ka yi ƙofa yau bayan wata biyu ta murɗe mai gida ya dawo yana zaginka, kuma falankin da ake kira wan bai tuwel in ka sa tef bai kai ba, tu bai fo ya rame ya koma kaman tu bai tiri. Masu katako suka ce ba laifinsu bane haka kayan ke zuwa, icen ne ake yankewa tun bai ƙosa ba. Nan ne baba Alhaji, wanda duk cikinmu babu wanda ya kai shi daɗewa a sana'an nan, ya ce lokacin da ya fara madaci da kawo da madobiya daga nan cikin jihar ake kawo su, ta wajen Birnin Gwari da kudancin Kaduna, gungume ɗaya sai mutum biyu su kasa haɗa hannu a kansa, iroko da obeche da afara kuwa daga Sapele da Benin da Ondo tirela ke zuwa ka zaɓa ka darje. Ya ce shi tambayarsa ɗaya ce, jikansa da ya sa a shago yanzu, nan da shekara ashirin me zai sayar. Wlh wurin sai da yayi tsit.

Daga nan aka kafa ƙaramin kwamiti, ina ciki, aka ce mu bi ɓangarorin ƙungiya ɗaya bayan ɗaya da tambaya biyu kacal. Ta farko, sana'arka da me ta dogara. Ta biyu, me sana'arka ke yi ma daji. Mun zauna da masu katako na Sabon Gari da Tudun Wada, masu itace da gawayi na Ɗan Magaji da Kwangila da Samaru, kafintoci, masassaƙa na cikin birni, da ofaretoci masu injin yanka. Ba takarda muka raba ba, hira mukai a kan benci da shayi.

Amsar tambaya ta farko kusan iri ɗaya ce a ko'ina. Dizal, hanya, direba mai amana, farashin dala saboda filawud da allunan da ake kawowa daga Sin, wutar lantarki, jari. Kowa ya lissafo waɗannan tsaf. Da muka ce toh daji fa, sai a ce ai wannan sananne ne, ice daga daji yake. Shikenan. Wato a idonmu daji sito ne kawai da ake zuwa a ɗebo kaya, in na kusa ya ƙare a ƙara gaba. Mutum ɗaya ne, wani dattijo masassaƙi, ya ambaci ruwan sama, shi ma saboda yana noma ne. Babu wanda ya ce ƙasa, babu wanda ya ce inuwa, balle zuma ko jemage, kuma ni ma da ni aka tambaya a lokacin abin da zan faɗa kenan, dizal da hanya.

Tambaya ta biyu ce ta ban dariya ta kuma ban haushi. Mai katako yace shi bai taɓa riƙe gatari ba, daga kudu ake sauke masa. Mai gawayi yace shi buhu yake saye a bakin titi wurin mutanen ƙauye, su kuma gona suka share. Kafinta yace abin da ya tarar a rumfa shi ya saya. Ofareta yace mai gona ne ya kira shi ya sayar masa da bishiyar, da kuɗin makarantar yara ko na biki a gabansa, in shi bai yanka ba wani zai yanka kafin magariba. Muka zaga muka dawo ba mu samu mutum ɗaya da ya sare bishiya ba a duk faɗin ƙungiya, amma bishiyoyin babu su. Laifi tudu ne dai.

Kuma a yi adalci, wasu maganganun gaskiya ne. Share daji dan noma ya fi mu cin bishiya nesa ba kusa ba, jama'a na ƙaruwa gonaki na faɗaɗa gari na cinye gonaki, duba yadda Dakace da Shika da hanyar Basawa suka cika da gini. Kuma tun da aka cire tallafin mai ran 29 ga Mayu 2023 komai ya tashi, gas da kananzir suka fi ƙarfin gidaje da yawa, matan da suka daina hura gawayi suka dawo suka nemi kurfotinsu, masu burodi da masu tsire da masu ƙosai da makarantun kwana dama ice suke amfani da shi. Ba mu muka ƙirƙiro wannan buƙata ba. Amma akwai abin da wani ofareta ya faɗa mana da ya tsaya min a rai, yace tunda dazukan Birnin Gwari da Kamuku da wasu sassan Giwa suka zama ba a shiga sboda 'yan bindiga, aikin ya dawo gonakin kusa da gari, abin da ke tsaye a gona kuwa menene, ɗorawa ce da kaɗanya da tsamiya da mangwaro, bishiyoyin da kakanni suka ƙi sarewa da gangan lokacin da suke sassabe. Su muke ci yanzu. Har rimi, a garin da unguwanni ke amsa sunan rimi, Rimin Tsiwa da Rimin Doko, ana yanka shi ana tsagawa a yi katakon dakin, wato wanda ake tokare rufin siminti da shi lokacin zubawa.

Ganin haka shugaba yasa aka gayyato wani malamin gandun daji daga Samaru, inda tashar binciken dazukan savana take, ya zo taron farkon damina, kuma ban taɓa ganin an zauna shiru ana sauraron ɗan boko irin na ranar ba, wataƙila dan da Hausa tsantsa yayi kuma ɗan manoma ne. Yace masana suna da wani lissafi na aikin da daji ke yi ma mutum ba tare da an biya shi ba, wani babban rahoto na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2005 ya kasa shi gida huɗu, abin da ake ɗebowa kaman ice da magani da 'ya'yan itatuwa, abin da daji ke daidaitawa kaman ruwa da zafi da iska, abin da ya shafi al'ada da hutun rai, sai kuma aikin ƙarƙashi kaman gina ƙasa mai taki. Yace ku 'yan katako gida ɗaya kuke gani, a cikin gidan ma ɗaki ɗaya.

Sai ya kawo abin gida. Ruwan da Zariya ke samu a shekara wajen milimita 1,000 ne, kuma kusan dukkansa cikin wata biyar yake zuba. Inda akwai bishiya da ganye a ƙasa ruwan na tsayawa ya nutse, shi ne rijiya ke sha a watan Maris. Inda aka share kuwa gudu yake ya kwashi ƙasar sama ya zuba a rafi, rafi ya kai dam, shi yasa dam ɗin Kubanni na jami'a ya daɗe yana cikewa da laka, kogin Galma kuma da duk garin ke sha daga gare ta da masu noman rani na tumatir da albasa da rake, ita ma daga ƙananan rafuka take tarawa, in bakin rafukan ya zama fili ruwan zai zo gaba ɗaya da damina ya yi ɓarna ya wuce. Ya yi maganar gawo da ke zubar da ganye da damina ya bar hatsi ya sha rana ya kuma ba shi taki. Ya ce furen kaɗanya ƙudan zuma ke haɗa shi, na kuka da rimi jemage ne da dare, ɗorawa kuma duka biyun, in ka sare inda suke kwana bishiyar da ka bari ma haihuwarta zata ragu. Wani daga baya yace toh malam mu ina ruwanmu da jemage, akai dariya.

Amsar da ya ba shi ita ce ni dai ta buɗe min ido. Ya tambaye mu yaushe kasuwarku ke buɗewa. Muka ce da kaka mana, bayan an sayar da masara da waken suya da shinkafa, lokacin ne ake rufin ɗaki, lokacin ne bukukuwa, gado da kujeru da wadirof na amarya. Yace toh kenan kuɗin da ke shiga aljihunku daga gona yake fitowa, daga Soba da Giwa da Maƙarfi da Kudan da Ikara, ranar da ƙasarsu ta gaji ko rijiyar fadama ta ƙafe, ko da rumfarku cike take da iroko babu mai saye. Kowa a wurin ya san haka ne dan duk mun ga shekarar da amfani bai yi kyau ba yadda muke wuni muna korar ƙuda. Mu dai ba mu taɓa haɗa wannan da gungumen da ake sauke mana bane.

Ban ce kowa ya yarda ba. Akwai waɗanda suka ce wannan duk zancen masu albashi ne, mutum na neman na cefane ana masa lissafin shekara ashirin, kuma ina fahimtarsu. Amma labarin madobiya ai a gabanmu akai shi. Ita ce 'yan kasuwa ke kira madrid ko koso, 'yan Sin suka buɗe mata kasuwa, aka bi ta Kogi da Taraba da sauran wurare ana lodin kwantena, wasu cikinmu sun samu kuɗi a ciki ba ƙarya. A 2016 aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa ma ido a cinikin ƙasa da ƙasa, a 2018 aka dakatar da fitar da ita daga Najeriya, sannan a taron yarjejeniyar da akai a Panama a 2022 aka ƙara madaci da kawo cikin jerin. Cikin 'yan shekaru icen da ake ganin ba zai ƙare ba ya zama sai an tona, Fulani kuma da ke sassaƙo ganyenta su ba shanu da rani suka rasa, suka ƙara matsowa gonaki, sauran labarin kun san shi. Yanzu masu gini da yawa ƙarfe suke sa wa a rufi, kafintan zamani allon kwamfani yake yanka, kujerar biki roba ce. Kasuwa da kanta ta fara koyon zama ba mu.

Gardama mafi zafi ita ce ta gawayin kaɗanya da ɗorawa. Wasu iyayenmu mata masu man kaɗanya da daddawa daga ƙauyukan da ake ɗauko mana kaya suka aiko da koke ta hannun mai unguwarsu, cewa bishiyoyin da suke tsintar ƙwara da kalwa ana bi ana ƙonewa. Kuma lissafin a fili yake, kaɗanya sai ta kai wajen shekara 15 kafin ta fara haihuwa, daga nan kuma ta yi ta bayarwa har jikoki, gawayin da za a samu a cikinta buhu nawa ne, a irin ramin da ake binnewa da ƙasa sai an ƙona ice kilo biyar zuwa goma kafin a samu kilo ɗaya na gawayi. Ana cikin haka a watan Agusta gwamnatin tarayya ta hana fitar da ɗanyar ƙwarar kaɗanya waje na wata shida dan a riƙa sarrafa ta a gida, sai wasu suka ce kun gani farashinta ma ya faɗi gara gawayin, wasu suka ce a'a wannan na nuna abin na da daraja ne. Masu gawayi suka ce ana so a kashe masu sana'a, kirya wadda ita ce uwar gawayi, wadda maƙera ba sa son kowa sai ita, ta yi wuya, marke ma haka, kwastoma kuma mai nauyi yake nema wanda baya saurin zama toka, kaɗanya ce ta rage mai wannan halin. Sai da aka yi zama uku. A ƙarshe aka tsaya a kan cewa ɗan ƙungiya ba zai sayi ice ko gawayin ɗanyar kaɗanya da ɗorawa ba in ya sani, sai wadda ta mutu da kanta ko iska ta kayar, kuma ofaretanmu ba zai sa inji a kansu ba sai da shaidar mai unguwa.

Gaskiya ita ce dokar tana ɗingishi. Ice ana gane shi da ɓawo, gawayi kuwa in ya shiga buhu sai tsofaffin hannu masu gane shi da nauyi da ƙara, kuma in namu ya ƙi saye akwai wanda ba ɗan ƙungiya ba a gefe da motarsa. An kama mutum biyu-uku an yi masu nasiha ba a ci tara ba. Ni a ganina ko a haka an samu wani abu, dan a da ko tambaya ba a yi, yanzu aƙalla mai kawowa ya san za a tambaye shi icen me ne. Amma in shekara mai zuwa ma nasiha za a tsaya yi gara a soke dokar mu huta da yaudarar kai.

Sai dashen itatuwa, kuma a nan sai na roƙi afuwa a madadin kwamiti. Mun sayi dashe a leda, malaina da turare da dalbejiya da madaci da 'yar ɗorawa kaɗan, muka fita da damina aka dasa a wani fili da aka ba mu aro da gefen wata makaranta da maƙabarta, aka ɗau hotuna aka sa a WhatsApp kowa na barka. Da muka koma bayan ɗaukewar ruwa mafi yawansu babu. Awaki sun ci, gara ta ci, kuma mun makara dan sai da damina ta yi nisa muka dasa saiwar bata kama ba, ba kewaye ba mai ban ruwa. Waɗanda suka rayu su ne na maƙabarta sboda akwai dattijon da ke kula da wurin, da waɗanda aka ba 'yan ƙungiya suka kai gidajensu da gonakinsu. Kuɗin da muka kashe a abinci da lemo da hayar mota ranar dashen da an sayi waya ko an yi kewayen ƙaya da shi da ba haka ba. Limaminmu ya tuna mana hadisin da ke cewa wanda ya dasa bishiya duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci sadaka ne gare shi, wani yace toh awakin unguwar sun gama cinye mana ladan tun a wata ɗaya.

Mun kuma koyi cewa ba kowane ice ake dasawa ko'ina ba. Turare na saurin girma, cikin 'yan shekaru ka samu sandunan gini ka sare ya sake tohowa, kuɗi ne mai kyau, amma shan ruwa gare shi, manoman fadama sun ce kar a kawo masu shi kusa kuma suna da gaskiya, tudu ne wurinsa. Malaina ita ma tana sauri, matsalarta mu ne da ba ma barinta ta ƙosa. Madaci kuwa akwai tsutsar da ke cin kan tohonsa yana ƙarami sai ya yi rassa ya ƙi miƙewa, malamin yace kar a jera shi shi kaɗai a cakuɗa da wasu. Wanda ya taɓa zuwa Nimbia ta wajen Jama'a ko Afaka kusa da Kaduna ya ga cewa gandun da aka dasa da hannu yana yiwuwa a ƙasar nan, tik da malaina da turare, tun zamanin iyayenmu aka dasa su, ci muke ba mu mayar ba.

Shawarar da ta fi kwanta min ta fito ne daga wani ɗan uwanmu mai itace wanda asalinsa mutumin Maraɗi ne. Yace a can abin da ya dawo masu da bishiyoyi ba dashen leda bane, sassaben zamani ne, wato lokacin sharar gona kututturen da ke tohowa ba a ƙone shi, a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a bari a datse sauran, tunda saiwar na nan da ranta a ƙasa girmansa ya fi na dashe sauri kuma baya neman ban ruwa. Malamin Samaru ya tabbatar, yace tun shekarun 1980 aka fara a yankin Maraɗi da Damagaram kuma an kiyasta fili wajen hekta miliyan 5 ya farfaɗo ta haka, a ƙasar da ruwanta bai kai namu ba. Mu da doka da marke da taura ke tohowa da kansu a kowace gona. Abin da ake datsewa duk shekara kuma itacen girki ne, mu ne masu saye. Kwamiti ya fara magana da masu unguwanni a ƙauyuka biyu da muke ɗaukar kaya, sun nuna sha'awa, sharaɗinsu ɗaya a tabbatar masu bishiyar da mutum ya raina a gonarsa tasa ce babu wanda zai zo daga baya ya ce sai ya biya kafin ya taɓa ta.

Wasu sun tambaya ko akwai tallafin gwamnati. Shirin Babbar Katangar Bishiyoyi jihohi 11 na bakin hamada ya shafa, Kaduna bata ciki. Wanda ya haɗa da mu shi ne ACReSAL, shirin farfaɗo da ƙasar da ta lalace na Bankin Duniya, dala miliyan 700, jihohin Arewa 19 da Abuja. An ɗora ma mataimakin shugaba ya binciko yadda ƙungiyoyi ke shiga, amma kafin nan sai takardun rajistarmu sun zama daidai da sunayen mambobi na gaskiya, dan haka wanda bai sabunta katinsa ba shi ke riƙe mu. Kuma dan Allah kar kowa ya fara lissafin rabon kuɗi, ba a ce an bamu komai ba.

Abin da kwamitin zartarwa zai kawo gaban taro a amince ko a ƙi, na farko a ware wani ɗan abu a kan kowace mota da aka sauke, katako ko itace ko gawayi, ya tafi asusun dashe da kewaye, adadin ku za ku yanke. Na biyu dashen baɗi a yi shi da zaran ruwa ya zauna, kuma ba za a ba kowa ba sai wanda ya nuna inda zai sa da wanda zai kula. Akwai maganar tara a kan kaɗanya da ɗorawa, akwai ta ware rumfa ɗaya ta busar da malaina kafin a sayar ma kafintoci ko da za a ɗan ƙara kuɗi, su sun ce sun yarda su biya. Masassaƙa kuma sun nemi a sa kirya da aduwa cikin abin da za a raina sboda turmi da allo, majema na cikin birni duk da ba 'yan ƙungiya bane sun aiko a tuna da bagaruwa.

Godiya ga iyayen ƙungiya da suka riƙa shiga tsakani lokacin da murya ta tashi, da matasan da suka yi ta zirga-zirga da baburansu ba a ba su ko na mai ba. Inda na yi kuskure ko na manta wani aiki a gyara min a wurin taro, ɗan Adam ne.

Taron shekara na nan ranar Asabar da aka sanar, bayan la'asar, a inda muka saba. A zo da katin ƙungiya, wanda ake bi ya zo da abin da ya samu, wanda ya karɓi dashe da damina kuma ya ɗauko hotonsa a waya, in ya mutu ma a faɗa mana abin da ya kashe shi dan mu rubuta. Masu gawayi na Kwangila an ce ku zo da wuri shugaba na son ganinku kafin a fara.

Wassalam.
Naku, Sakatare.